Naman da ke tsayawa da wanda ba ya tsayawa: waiwaye daga Karshi

Kafin Abuja ta miƙo hannu ta cim mata, Karshi gari ne na manoma a gindin duwatsu. Gwandara ne masu gari, ga Gbagyi da Gade a ƙauyukan kewaye, ga Hausawa 'yan kasuwa, ga Fulani da shanunsu a bakin daji, kuma duk wata magana ta hukuma Keffi take nufa. Ko bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke ƙasar sabon babban birni a watan Fabrairun 1976, an daɗe rayuwa ba ta sauya ba. Asibiti mai likita yana da nisa, mota kuwa sai ranar kasuwa. Saboda haka ciwo a gida ake jinyarsa, a hannun wanzami da ungozoma da maɗori da mai magani da malam.

A wancan zamanin mun san tsirowar nama iri uku a jikin ɗan Adam, kuma ba mu taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Akwai naman da ke cikowa a miki har ya rufe, wannan kowa na murna da shi. Akwai maƙoƙo a wuyan mata, wanda aka saba gani har ba a ɗaukarsa ciwo. Sai kuma kumburin da ba ya tsayawa, wanda manya ke rage murya idan za su ambace shi, wato daji. Na farko aikin wanzami ne, na biyu a ɗora wa ruwan sha ko gado, na uku kuwa sammu ko jifa ko iska. Yau an gano cewa ukun nan labarinsu ɗaya ne, kuma labarin yana kan tambayar wa ke ba ƙwayar halitta izinin ta rabu biyu, wa kuma ke hana ta.

A fara da wanzami. Da hunturu, bayan an kai amfanin gona gida, ake tara yara maza na unguwa a zaure ɗaya a yi musu kaciya. Wanzami zai zo da sassafe da zabirarsa, ya wasa aska a fata, ya gama aikinsa cikin ƙiftawar ido, ya barbaɗa garin bagaruwa. A kwantar da yaran kan tabarma, a sa musu kara tsakanin gwiwoyi don kada su haɗe ƙafa cikin barci, a riƙa kawo musu kunu da fura da naman kaza. Kullum zai zo ya duba. Kwana kaɗan ya ce miki ya kame, bayan nan ya ce nama ya ciko, cikin sati biyu zuwa uku a yi wankan fita. Abin da ba wanda ya tsaya ya tambaya shi ne, da naman ya ciko ya kai baki, me ya tsayar da shi? Me ya hana shi ci gaba da tudu har ya zama wata cutar?

Jikin babban mutum yana da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kuma mafi yawansu a zaune suke, suna aikinsu ba sa rabuwa. Wadda za ta rabu sai ta bi matakai huɗu a jere. Ta fara ƙara girma da tara kayan aiki, shi ne matakin G1. Ta kwafi kundin gadonta na DNA kaf, haruffa wajen biliyan 6, shi ne matakin S. Ta duba kwafin ta shirya, shi ne G2. Sannan ta raba kuromosom 46 biyu-biyu ta tsage gida biyu, shi ne M. Ga ƙwayar da ke rabuwa da sauri, zagayen yakan ci kusan awa 24. Muhimmin abu shi ne ƙwayar jikin mutum ba ta shiga wannan zagaye don ra'ayin kanta, ko da abinci ya wadata a kewayenta. Sai saƙo ya zo mata daga waje.

A mikin kaciya, masu kawo saƙon farko su ne ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Suna toshe jijiya, suna kuma zubar da wani furotin da ke tashin ƙwayoyin nama daga zaune. Russell Ross da abokan aikinsa a birnin Siyatil na Amurka ne suka nuna haka a 1974, ana kiran furotin ɗin PDGF. Kafin su, a 1962, Stanley Cohen ya ciro wani irinsa daga ƙullutun yawun ɓera. Ya lura cewa idan aka yi wa jariran ɓeraye allurarsa idanunsu kan buɗe, haƙoransu su fito kafin lokaci, domin yana sa ƙwayoyin fata su yawaita. Shi ne EGF, kuma akwai shi a yawun mutum da na dabba. Duk wanda ya ga akuya ko kare na lasar rauni ya ga wannan saƙo a bakin aiki. Cohen ya raba kyautar Nobel ta 1986 da Rita Levi-Montalcini 'yar ƙasar Italiya, wadda ta gano saƙon da ke raya jijiyoyin ji.

Saƙon ba ya shiga cikin ƙwayar. A jikin fatarta yake maƙalewa, a wani makarɓi da aka yi dominsa, shi kuma ya motsa wani furotin na ciki mai suna Ras, Ras ya motsa na gaba, har maganar ta kai cibiyar ƙwaya inda kundin gado yake. A can sai a buɗe layukan umarni da ke rufe, ciki har da na Myc da na saikilin D. Duk wanda ke bin hanyar Karshi zuwa Nyanya ta Orozo da Kurudu da Jikwoyi ya san shingen jami'an tsaro: an gitta katako, mota ba ta wucewa sai an ɗage. A ƙarshen matakin G1 akwai irin wannan shinge, katakon kuwa wani furotin ne mai suna Rb, wanda ke riƙe da E2F, mai ba da umarnin fara kwafi. Saikilin D zai haɗu da abokinsa CDK4 ko CDK6 su riƙa liƙa wa Rb sinadarin fosfet har riƙonsa ya yi sako-sako. Da E2F ya ɗan kuɓuce sai ya sa a ƙera saikilin E, wanda ke ƙara sassauta Rb, E2F ya ƙara kuɓucewa, har a kai inda ba komawa baya. Arthur Pardee ne ya fara bayyana wannan gaɓa a 1974: kafin a iso ta, idan aka janye saƙon waje, ƙwaya takan koma ta zauna; bayan an wuce ta, ko an janye sai ta kammala rabuwa.

Amsar tambayar da ba mu yi wa wanzami ba tana nan. Saikilin D ba ya daɗewa, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba ƙwaya ke narkar da shi, don haka dole saƙon ya yi ta zuwa awa bayan awa kafin ya taru ya isa ɗage Rb. Da miki ya rufe, jini ya daina zuba, saƙon ya ragu, saikilin D ya ƙare. Ƙwayoyin fata da suka taso daga gefe da gefe sun haɗu sun matsi juna, wannan matsin ya sa wani furotin mai suna p27 ya taru ya danne CDK. Akwai ma saƙon waje da aikinsa hani ne, kamar TGF-beta, wanda ke sa ƙwayar fata ta ƙera p15 ta tsaya. A ganina babu abin da ya kai wannan tsari ban mamaki a halittar mutum: ko ƙwaya ɗaya ba a bar ta da ikon kanta ba, maƙwabtanta ne ke ce mata tashi, su ne ke ce mata ya isa. Idan tsayawar ta ɗan makara, shi ne ake samun tabo mai tudu da ƙaiƙayi da kan fito a wurin hujin kunne ko tsaga, wanda ya fi yawa a baƙar fata.

Akwai wasu shingayen a gaba, amma su ba saƙon waje suke saurara ba, lafiyar aikin suke dubawa. Idan kundin gado ya samu lahani, wani furotin mai suna p53 kan taru ya sa a ƙera p21, a dakatar da komai sai an gyara. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, ya sa ƙwayar ta kashe kanta. Wani shingen yana hana shiga matakin M sai kwafi ya cika, wani kuma yana hana tsagewa sai kowane kuromosom ya ɗauru daidai. Leland Hartwell da Paul Nurse sun gano tushen wannan a jikin yis, Tim Hunt ya gano saikilin a 1982 a ƙwan wata halittar teku mai ƙaya, su uku suka karɓi Nobel a 2001.

Maƙoƙo shi ne shaida mafi bayyana da muka yi ta gani ba mu gane ba. Ranar kasuwa za ka ga matan ƙauyukan kan dutse sun shigo da doya da itace, wata da kumburi a gaban wuya ya kai dunƙulen hannu, ta yafa mayafi a kai tana cinikinta. Ƙasar duwatsu ta tsakiyar Najeriya ruwan sama ya wanke mata sinadarin aidin, abincin da aka noma a kanta ba shi da isasshe. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba yana ƙara hana jiki amfani da ɗan abin da ya samu. Halittar tayirod da ke wuya tana buƙatar aidin don ta yi sinadarin da jiki ke aiki da shi. Idan ta gaza, wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa sai ta yi ta aiko mata saƙon TSH, ƙwayoyinta su yi ta girma suna rabuwa, shekara da shekaru. Ƙwayoyin nan lafiyarsu lau, biyayya kawai suke yi ga saƙon da bai yanke ba. A 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Ba a yi wa kowa aiki ba, ba a raba ƙwayar magani gida-gida ba, amma yau sai ka daɗe a kasuwar Karshi ba ka ga budurwa da maƙoƙo ba. An gyara dalilin saƙon, girman ya tsaya da kansa.

Daji kuwa shi ne lokacin da ƙwaya ta daina jiran kowa. Na tuna wani yaro a unguwarmu, bai wuce shekara bakwai ba, da muƙamuƙinsa ya fara kumbura da damina. Aka ce hangum ne, aka shafa masa magani aka jira ya saɓe. Maimakon haka kumburin ya ƙaru kullum, haƙoransa suka fara girgiɗa, bakin ya karkace, idon gefen ya turo waje. Aka koma maganar jifa, aka yi rubutu aka yi turare, uwarsa ta sayar da awakinta. Bai kai kaka ba. Ban manta yadda yake riƙe kofin kunu da hannu biyu yana neman gefen bakin da zai iya kurɓa da shi ba.

Likitoci sun san wannan cuta tun 1958, lokacin da Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago na Kamfala a Yuganda, ya bayyana ta. Ya bi ƙasashen Afirka ya ga tana bin wurare masu zafi da ruwan sama, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga wani bairos a cikin naman da Burkitt ya aika musu Landan, shi ne bairos na farko da aka danganta da sankara, wato daji, a jikin mutum. Zazzaɓin da ke kama yaro a kai a kai yana tilasta wa fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su yi ta rabuwa, bairos ɗin yana ƙara ingiza su. Cikin wannan gaggawa sai a yi kuskure: layin Myc ya tsinke daga kuromosom na 8 ya je ya manne a na 14, kusa da wani layi da kullum a buɗe yake a irin waɗannan ƙwayoyi. An tabbatar da haka a 1982. Daga nan Myc ba ya jiran saƙo daga waje, kuma kumburin na iya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Abin da ke cin raina shi ne tun shekarun 1960 ana warkar da yara masu wannan cuta da allura a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aikin a can, yana cikin waɗanda aka ba kyautar Lasker a 1972 tare da Burkitt. Maganin yana cikin ƙasar, labarinsa ne bai iso unguwarmu ba.

Wani abin kuma a cikin rumbunmu yake. Bayan an ɓare gyaɗa, mata kan zauna da faifai suna tsince ta. Mai kyau a ware ta kasuwa da ta iri. Wadda ta motse, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna kore-kore a tsaginta, ba a zubar da ita, domin zubar da abinci ba tarbiyya ba ce. A haɗa ta a soya a yi mai da ƙuli-ƙuli, ko a daka a miya, ko a bar wa yara da kaji. Mun ci ta da yawa, ɗacinta kawai muke tofarwa. A 1960 talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Birazil, bincike ya kai ga gano gubar aflatoksin da wannan fumfuna ke yi a gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba. Suya da dahuwa ba sa kashe ta. A 1991 rukuni biyu na masu bincike, ɗaya kan marasa lafiya na ƙasar Sin ɗaya kan na kudancin Afirka, suka nuna cewa gubar tana canza harafi ɗaya tak a layin p53, a wuri na 249, cikin ƙwayoyin hanta. Da wannan harafi ɗaya mai dakatar da ƙwaya idan ta lalace ya tashi daga aiki. Idan mutum yana ɗauke da bairos ɗin ciwon hanta nau'in B, wanda ke sa hanta ta yi ta mutuwa tana sake tsirowa, haɗarin kan ninka sau da yawa. Magidanta nawa muka gani a ƙarfinsu, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, aka ce shawara ce ta ci ƙarfinsu ko an ba su wani abu a abinci? Ita kuma askar wanzami guda da ke bin yara goma a zaure ɗaya ba tare da an dafa ta ba, tana cikin hanyoyin da wannan bairos ke bi. Ba na faɗin haka don in ci mutuncin sana'ar da ta yi mana hidima lokacin da babu kowa. Wanzaman yanzu da yawa sun koma reza sabuwa ga kowane yaro, kuma sun kyauta.

Ta ɓangaren mata, ciwon da aka fi ɓoyewa shi ne na zubar jini da ruwa mai wari bayan an daina haihuwa. Kunya kan sa mace ta yi shiru har sai ta kasa tashi. Harald zur Hausen na Jamus ya nuna a 1983 da 1984 cewa bairos ɗin HPV nau'i na 16 da na 18 ne ke cikin yawancin sankarar bakin mahaifa. Bairos ɗin yana ƙera furotin biyu: E7 ya kama Rb ya ɗage shi, E6 ya sa a narkar da p53. Shinge biyu mafi girma sun faɗi lokaci guda, ƙwaya tana rabuwa ba izini, ba kuma mai duba ɓarnarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu da ita a Najeriya, wajen 8,000 suka rasu.

Akwai maganar da na taso ina ji, har yau kuma ana yin ta a Karshi da Kano da ko'ina: wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi a asibiti sai ya fusata. Na fahimci inda ta samo asali. Mutane ba sa kai mara lafiya asibiti sai an gama zagaye ko'ina, ƙwayoyin sun riga sun bi jini sun sauka a hanta da huhu da ƙashi. A yi masa allura, ya rasu bayan sati biyu, sai a ɗora wa allura. Amma ƙwayar da ta rasa Rb da p53 ba ta san an taɓa ta ko ba a taɓa ba, rabuwa take yi dare da rana, kuma kowane watan jira ƙarin ƙarfi ne gare ta. Wannan magana ta kashe mutane da yawa, ya kamata malamai da masu unguwanni da masu maganin gargajiya su taru su kashe ta.

Sanin wannan tsari ya haifar da magunguna da ke zuwa daidai inda aka samu ɓaraka. Tamoksifen yana hana sinadarin mata na istirojin isar da saƙon girma ga sankarar mama. Herceptin, da aka amince da shi a Amurka a 1998, yana toshe makarɓin HER2 da kan yi yawa a wasu nau'o'inta. A 2015 aka fito da palbociclib, wanda ke danne CDK4 da CDK6 don Rb ya ci gaba da riƙo. Yanzu akwai babban asibiti a Karshi, kuma Asibitin Ƙasa na Abuja da aka buɗe a 1999 yana da sashen gashin sankara. Sai dai sababbin magungunan nan kuɗinsu ya fi ƙarfin manomi da ƙaramin ma'aikaci, shi ya sa abin da ke hannun talaka ya fi muhimmanci, kuma yana da yawa. Gidan sauro yana rage zazzaɓin da ke ingiza ƙwayoyin jinin yara. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage fumfuna mai guba, busar da gyaɗa da masara sosai a kan leda ko tabarma maimakon ƙasa yana taimakawa ƙwarai. Rigakafin ciwon hanta nau'in B ya shiga jerin alluran yara a Najeriya tun 2004, kuma ta farko an fi son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa.

Ranar 24 ga Oktoba 2023 aka ƙaddamar da rigakafin HPV a Najeriya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, kyauta, kuma Babban Birnin Tarayya yana cikin rukunin farko. Na ji iyaye a nan garin suna cewa dabara ce ta hana haihuwa. Allurar ba ruwanta da haihuwa. Mahaifar ma take karewa, don kada bairos ya sami inda zai zauna. Iyayenmu da suka rasa 'ya'ya da mata a wancan zamanin suna da uzuri, domin ba wanda ya gaya musu. Kai mai karatu, idan kana da 'ya da ta kai shekara 9, kai ta cibiyar lafiya ta unguwarku ka tambayi wannan allura. Idan kuma ka ga ƙullutu a jikinka ko na iyalinka da ke ƙaruwa, ko da ba ya zafi, kada ka bari ya ga wata na biyu ba likita ya duba shi ba.